Cindo da Wayar Nomau

A ƙauyen Unguwar Ɗinya akwai wani mutum ana ce da shi Cindo. Ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai duk yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Tabawa, da tsohuwarsa Iya Kuluwa, wadda idonta ya mutu, ƙafa ma ta ƙi. Ƙanensa Nomau ya daɗe a kurmi yana dako. Shi ya aiko musu da waya ta hannun wani direba, don Iya ta riƙa jin muryarsa. Ba abin da tsohuwar ke roƙo a duniya sai wannan.

Wata rana Tabawa ta sayar da ƙwan zabinta ta ba Cindo kuɗin, ta ce, "Maigida, sayo mana kati mu kira Nomau." Mai shago ya miƙa masa kati ya ce, "Sai ka kankare bayan." Cindo ya zauna gindin ɗinya da wuƙa, ya yi ta kankara har lambobi suka bi iska, rana ta leƙo ta tsakiyar katin. Ya kai gida yana murna. Tabawa ta dubi hujin ta dafe kai. Daga ɗaki Iya ta ce, "An same shi?"

Wata rana aka sake haɗa na kati. Tabawa da kanta ta kankare, ta ce, "Saura ka sa shi a waya." Ta tafi rijiya. Cindo ya buɗe bayan waya, ya ninke kati ya cusa, ya danne murfi da gwiwa. Sai da aka kai ta kasuwa wajen mai gyara, zabuwa guda ta tafi a nan.

Wata rana dai Allah ya yi, mai shago ya loda musu katin da hannunsa, ya danna lambar Nomau. Cindo ya ruga gida da waya tana ƙara. Yana shiga ɗakin Iya aka ɗauka.

"Salamu alaikum, Yaya ne?"

Iya ta yunƙura ta miƙo hannu. "Nomau! Ɗan nan, kai ne?"

Nomau ya ce, "Yaya, kada katinku ya ƙare. Kashe, in kira ku."

Cindo ya ajiye waya a ƙasa, ya ɗauko taɓarya, ya sauke mata sau ɗaya. Ya tsuguna yana jiran kira. Hannun Iya na nan a miƙe, har ta gaji ta mayar da shi cikin zane. Daga ranar ba ta ƙara tambayar waya ba. Abinci ma sai an yi da ita.

Wata rana, gab da damina, mutanen wani kamfani suka zo da mota da lasifika. Suka ce zamanin kankare kati ya wuce. Sabuwar waya kyauta, kira ba iyaka, kai dai ka riƙa biya duk wata. Gari ya ɗunguma. Tabawa ta ce, "Maigida, don Allah je ka karɓo, ko Iya ta ji muryar Nomau kafin ta cika."

Cindo ya bi layi har ya iso gaban ma'aikacin. Mutumin ya ce, "Ka dai sani, kana dangwala yatsa ka ɗauru da mu shekara biyu."

"Ɗauri? Shekara biyu?"

"Ba kwancewa."

"To wa zai riƙa juya Iya a kan gado?"

Kafin a yi masa bayani ya zubar da takalma ya ranta a na kare. Maƙwabcinsa Malam Jatau ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Tabawa ta yi kuka, ta ce ita kam ta gaji da wannan rayuwa.

Iya ta rasu da tsakiyar damina, ba ta sake jin muryar Nomau ba. Direba ne ya kai masa labari.

Ruwa kuma ya ɗauke tun gero bai yi ido ba. Iska ta kayar da ƙarfen sabis na kan tudu, ba wanda ya zo gyara. Wayoyi suka yi shiru, amma kuɗin wata bai daina hawa ba. Da kaka motar ta dawo, wannan karon ba lasifika. Gida gida suka bi, inda ba kuɗi su kama dabba. Gidan Cindo kaɗai suka tsallake, awakinsa na cin kara a bakin danga.

Malam Jatau na tsaye yana kallo aka sa wa sansa na noma igiya aka ja. Ya juyo da jajayen idanu ya ce, "Cindo, ashe duk garin nan kai kaɗai ka ji abin da mutumin nan ya faɗa."

Cindo ya dafa kafaɗarsa, tausayi ya cika shi. Ya ce, "Yi haƙuri, Malam. Saura shekara ɗaya da rabi su kwance ka."