Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ta Tafi da Fim a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta rasa haushi a gefe guda ba, ɗalibar aji uku a sashen haɗa magunguna, wadda abokan karatu suka fi sani da Darakta, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, wato Gwaggo. Marigayiyar ta cika ranar Talata da ƙarfe goma da kwata na safe, a kan teburin ɗaki mai lamba goma sha huɗu a ɗakunan kwanan ɗalibai mata. Ta rasu tana da shekara bakwai a duniya, uku daga ciki a hannun Darakta. Saura kwana huɗu a nuna fim ɗin da ke cikinta ta tafi, kuma ta tafi da shi.

Mahaifin Darakta ne ya kawo marigayiyar gida, a makon da 'yarsa ta samu gurbin karatu. Mutum ne da ya shekara ashirin da shida yana miƙa wa marasa lafiya magani ta tagar asibiti, ba ya kuma yawan magana. Ya ajiye ta a kan tebur, ya ce, "Ga ta nan. Ta karatu ce." Marigayiyar ta riga ta yi aure ɗaya kafin nan, a wani ofis, ta fito da tsaga a murfi da maɓalli ɗaya da ya ɓace. Sunan Gwaggo kuwa halinta ne ya jawo mata shi. Ba ta tashi sai ta ga dama, idan ta tashi sai ta yi tari, kuma duk wanda ya ba ta aiki biyu a lokaci guda sai ta ɗauki zafi ta ƙi yin ko ɗaya. Batirinta ya daɗe da mutuwa, don haka ta ƙare rayuwarta a ɗaure jikin bango kamar akuyar da aka hana kiwo.

Duk da haka, ba za a rufe alherinta ba. Darakta mutum ce da fina-finan zane suka shiga jininta tun tana firamare. Ba kallo irin na mutane take yi ba. Takan tsayar da fim a tsakiya, ta koma baya sau goma don ta ga yadda aka sa gira ta ɗaga. Ta haddace waƙoƙin buɗe shiri a harsunan da ba ta jin ko gaisuwarsu. Duk wannan a kan Gwaggo aka yi shi, kuma ba ta taɓa kai ƙara gida ba. Ta haƙura da hotunan jarumai goma sha ɗaya da aka liƙa mata a baya. Ta haƙura da babban littafin ilimin magunguna da ake tokare ta da shi don ta sha iska, wanda shi ne kaɗai amfanin da littafin ya yi a wannan zangon.

A kanta ne kuma Darakta ta fara ganin wani ɗan bidiyo da ke nuna yadda ake fim da yumɓu. A ƙera ɗan mutum, a ɗauki hotonsa, a matsa hannunsa kaɗan, a sake ɗauka. Hoto goma sha biyu ke ba da daƙiƙa ɗaya ta motsi. Washegari ta sayo fakitin yumɓu mai launi shida, irin wanda yara ke wasa da shi, ta yanka kwalin sabulu ta yi shago, ta ɗaure wayarta jikin kwalba da robar gashi, ta karkato fitilar karatu. Ta sa wa fim ɗin suna Ɓarawon Maɓalli. Labarin wani tela ne da wata halitta ke sace masa maɓallan riga ɗaya bayan ɗaya, har masu kaya suka fara zarginsa. Ƙawarta ta ɗaki, wadda ake kira Rediyo saboda ba ta da wurin kashewa, ita ta yi muryoyi biyar daga cikin bakwai.

Aikin ya ci wata goma sha huɗu. Minti goma sha ɗaya ne fim ɗin, hotuna dubu bakwai da ɗari tara da ashirin. Ya dace a bayyana yadda aka yi shi, don masu ta'aziyya su san girman rashin. Wayar Darakta ba ta da wuri, saboda haka kowace rana takan juye hotunan cikin Gwaggo, ta goge na wayar. Yumɓun kuma fakiti ɗaya ne tak. Idan aka gama fitowa guda, sai ta murƙushe 'yan wasan da aikinsu ya ƙare, ta cuɗa su, ta ƙera na gaba. Mai shayin fitowa ta biyu shi ya zama karen fitowa ta huɗu. Karen ya zama alƙali. Shi kansa telan, da aka ɗauki hotonsa na ƙarshe a watan jiya, an yi masa godiya aka mayar da shi cikin gwangwani. Babu ɗan wasa ko ɗaya da ya rage a raye a wajen cikin marigayiyar.

A ƙarshen aji biyu Darakta ta faɗi kwasa-kwasai biyu. Mahaifinta ya duba takardar sakamakon, ya cire tabarau, ya tambaye ta inda lokacinta yake tafiya. Ba ta ɓoye masa ba. Sai ya ce, "To, na ji. Ranar da za a nuna shi zan zo in gani da idona. In abin kirki ne, ba za ki ƙara jin bakina ba. In shirme ne, ki tattara lakarki ki ba 'ya'yan maƙwabta." Ƙungiyar masu son fim ta makarantar ta ba ta minti goma sha ɗaya a taronta na gobe Asabar. Mahaifin ya nemi hutun wannan rana tun wata biyu da suka wuce.

Rashin lafiyar marigayiyar ya fara ne wata huɗu kafin rasuwarta, da wata 'yar ƙara daga cikinta: ƙas, ƙas, ƙas. A daidai wannan lokacin Darakta tana neman sautin takun ɓarawon. Ta gwada cokali a kan tebur, ta gwada farce a kan kofi, ta gwada murfin biro, babu wanda ya yi mata. Tana zaune ta rasa abin yi, sai ta ji shi yana fitowa daga gabanta, siriri, a hankali, mai sa tsigar jiki ta tashi. Ta kara waya a jikin Gwaggo ta naɗa. Shaidu sun tabbatar cewa ta shafa murfinta ta ce, "Sannu da aiki, Gwaggo, ke ma kin shiga fim." Da ƙarar ta ƙara sauri bayan mako shida, Darakta ta yi murna, domin fitowar da ake bin ɓarawon da gudu ce ke gaba. Ta sake naɗa.

Ba za a ce ba a yi tanadi ba. Darakta ta ji ana cewa a riƙa ajiye aiki a wuri uku, kuma ta bi wannan shawara. Akwai jakar da ta sa wa suna Fim, akwai Fim na Ƙarshe, akwai Fim na Ƙarshe Wallahi. Duka ukun a cikin Gwaggo suke. Tana da filashi guda ɗaya, amma cike yake da wani shiri mai dogon zango, kashi sittin da huɗu, wanda ta kalla sau uku, kuma zuciyarta ba ta yarda ta goge ko kashi ɗaya ba.

Ranar Talata da safe aka zo haɗa fim ɗin ya zama abu guda. Darakta ta tokare marigayiyar da littafi, ta kunna fanka ta juyo mata ita, ta hana Rediyo taɓa teburin. Layin da ke nuna kashi nawa cikin ɗari aka kammala ya fara tafiya. Ya wuce hamsin, ya wuce tamanin. A kan casa'in da bakwai Gwaggo ta ce ƙas, ta ce ƙas, sannan ta ja wani dogon tiiii da ba a taɓa jin irinsa daga bakinta ba. Fuskarta ta yi shuɗi, ta yi baƙi. An danna, an hura, an cire waya an mayar, an kife ta an jijjiga. Rediyo, wadda ba a taɓa ganin ta rasa abin faɗa ba, ta yi shiru na kusan minti biyu, sannan ta ce, "Ƙawata, ko barci take?"

An garzaya da ita wurin mai gyara, wanda shagonsa ke ƙarƙashin matakala a layin masu waya. Ya kwance ƙusoshi tara, ya kara kunne, ya tambaya ko ta taɓa yin wata ƙara. Darakta ta ce ƙwarai, har ma tana da ita a naɗe, ta kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye sukudireba.

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu. Takun ɓarawo ne a fim ɗina."

"Ƙanwata, wannan ba taku ba ne, kukan neman ɗauki ne. Wata huɗu baiwar Allah tana kiran ki, ke kuma kin kara mata waya kina cewa ta maimaita."

Darakta ba ta amince da wannan bayani ba. A ganinta, wanda ya iya rubuta wa mutum saƙo kullum cewa a sabunta masa kaza da kaza, ya iya rubuta cewa zai mutu. Wanda ya ga ana murƙushe 'yan wasa a gabansa saboda an dogara da shi, ya kuma san cikinsa ya ruɓe, amma ya tsaya yana ƙas-ƙas, to ba gargaɗi ya yi ba, gulma ya yi.

Abin da ya fi ciwo sai ranar Alhamis ya bayyana. Mai gyara ya kira da la'asar, murya cike da fara'a, ya ce an dace, ya ceto jaka guda sukutum, ko ƙwarzane babu. Darakta ta bar aji ta taho da gudu, takalmi ɗaya ya tsinke a hanya. Ya juyo mata allon. Sunan jakar Karatu. Takardun darasi ne guda ɗari biyu da goma sha biyu, na shekara uku, waɗanda malamai suka turo. Ya yi mata bayani cewa wurin da aka fi takawa a faifan ajiyarta shi ya cinye, wurin da ba a taɓa zuwa ba kuwa yana nan sabo fil. Na fim, ko hoto ɗaya bai fita ba.

Darakta ta ɗauki wannan a matsayin wasiyya, kuma ta fahimci abin da take nufi. Shekara uku suna kwana ɗaki ɗaya, suna kallo tare, an liƙa mata jarumai, an saka muryarta a fim, an rubuta sunanta a jerin waɗanda za a gode wa. Ashe duk tsawon lokacin nan Gwaggo ta mahaifin ce. Wanda ya kawo ta gidan shi take wa aiki, kuma da ta zo mutuwa, da bakinsa ta yi magana. An ce tsintacciyar mage ba ta mage. Darakta ta ce sayayyar uba ma haka take.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya mai naɗe da salatif, da linzamin kwamfuta wanda gefensa na dama kaɗai ke aiki, da takardun darasi ɗari biyu da goma sha biyu cikin ƙoshin lafiya. Ta bar littafin rubutu mai ɗauke da labarin tela da hannun Darakta. Ta bar curin yumɓu guda a gwangwanin madara, launinsa ya koma na ruwan kwata, wanda a cikinsa tela da ɓarawo da alƙali da kare duk suke. Ta kuma bar mai ita, wadda ta kwana uku tana ganin kiran mahaifinta tana kife wayar.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, a ƙaramin ɗakin lacca da ke bayan ɗakin karatu, a cikin minti goma sha ɗayan da aka ware wa fim ɗin. Shugaban ƙungiya ya nemi Darakta ta bar wa wani gurbin, ta ƙi. Za a shimfiɗe marigayiyar a kan tebur, ƙarƙashin farin allo. Darakta za ta buɗe gwangwani, ta ƙera telan a gaban jama'a, ta tafiyar da shi da hannu daga farkon labarin har ƙarshe, Rediyo tana yin muryoyi bakwai ɗin duka. Takun ɓarawo da cokali za a yi shi. Marigayiyar ba za a ba ta bakin magana ba.

Ana roƙon masu ta'aziyya su taƙaita. Duk wanda ya zo da niyyar cewa "ai da kin ajiye a wani wuri", ya yi zamansa a ɗaki, an riga an ji wannan daga bakin mutum goma sha tara. Bayan taro za a miƙa gawar ga mai gyara, wanda zai cire allo da maɓallai don amfanin wasu, bisa sharaɗin kada ya saka ko ƙusa ɗaya a kwamfutar wanda ke wani aiki da yake so.

An ware wa mahaifin Darakta kujera ta uku a layin gaba. Da yake ba ta iya faɗa masa da baki ba, an tura masa kwafin wannan sanarwa da safiyar yau. Ya karanta, bayan awa ɗaya da rabi ya rubuto: "Ina nan zuwa, na riga na goge kaya. Takardun karatun fa, da gaske duk sun tsira?"

Darakta ba ta ba shi amsa ba tukuna. Za a buɗe ƙofa ƙarfe uku da rabi.