Yadda Za Ka Nemo Wa 'Yarka Bakin Teku Ka Rasa Zomonta

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari ɗanka ɗan shekara biyu zai taka ruwan teku ya dawo gida da yatsunsa ashirin cif. Ba a taɓa gwada hanyar nan aka ji kunya ba sai sau ɗaya, kuma sau ɗayan kaɗai aka gwada. Amma tun yanzu ina gargaɗinka: a mataki na biyar wani zai salwanta. Ka ƙirga mutanen gidanka kafin ka tashi, har da waɗanda aka ɗinka da allura.

Ni dai ban taɓa ganin teku ba, kuma ba na gaggawa. Yarana uku ko a baho nake yi musu wanka, hannuna ɗaya yana damƙe da nasu. Ilimin da zan ba ka na samo shi wurin ƙanin matata Libardo, mai gyaran firiji a nan Pasto, garinmu na kan duwatsu, wanda ya kwashi matarsa Yaneth da 'yarsu Nuri zuwa tsibirin Punta Chontal. Kullum ƙarfe biyar na yamma yana kirana, ni kuma ina rubutawa.

Mataki na ɗaya: Ka fara jin tsoro tun daga gida

Uban da ya jira sai ya ga ruwa sannan hankalinsa ya tashi, ya makara. Libardo wata biyu ya yi yana shiri. Ya sayi rigar hana nutsewa guda biyu, ko da ɗaya za ta nutse. Ya sayi maganin sauro, da man kare fata daga rana, da igiya mita goma da har yau bai faɗi amfaninta ba. A jirgin ruwan da ya kai su, Nuri ta yi barcinta rungume da zomonta, Yaneth tana ɗaukar hoto, shi kuma ya rataya kai a gefe yana mayar wa teku abincin safensa. Wannan daidai ne. A kowane gida dole a samu wanda ya ɗauki abin da muhimmanci.

Mataki na biyu: Kada ka saurari mutanen gari

Mutanen tsibiri ba su san tsoro ba. 'Ya'yansu suna iyo kafin su yi haƙori, don haka shawararsu ba ta da amfani ga mai hankali.

Punta Chontal titi ɗaya ne, da coci, da shago biyu. Sun sauka a masaukin wata tsohuwa, Doña Ninfa. Libardo ya same ta a tsakar gida tana kankare kwakwa.

"Mama, ina ne ruwa ba zurfi, inda ƙaramar yarinya za ta yi wasa?"

"Da ƙarfe nawa?"

"A'a Mama, wuri nake tambaya."

"Ai na ji ka, ɗan kan dutse. Na ce da ƙarfe nawa?"

"Kowane lokaci mana."

Ta ajiye kwakwar ta kalle shi tun daga sanƙo har takalmi. "Je ka tashar jirgi ka karanta allo, ɗana. Kullum ana rubutawa."

Ya je. Allo ne baƙi an rubuta lokuta huɗu da alli, biyu da kibiya sama, biyu da kibiya ƙasa. Nan take ya gane: lokacin zuwan jirgi ne da na tafiyarsa. Da yamma ya ce mini tsohuwar kirki gare ta, amma shekaru sun fara taɓa ta. Na ce ya yi mata uzuri.

Mataki na uku: Ka nemi ma'auni

Ido yana ruɗi. Kana bukatar abin da tsayinsa ya yi daidai da gwiwar yaronka. A gidan Libardo wannan abu shi ne Don Tulio.

Don Tulio zomo ne na tsumma. Kakar Nuri ce ta ɗinka shi da tsohon bargo shekarar da idonta ya fara mutuwa, shi ya sa kunnensa ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma ba za a sake yin wani ba. Nuri ba ta taɓa yin barci ba tare da dogon kunnen yana bakinta ba. Ko sau ɗaya. An gwada ranar da aka wanke shi, maƙwabta suka zo tambaya ko lafiya.

Washegari ƙarfe shida na safe Libardo ya ga zomon ya faɗo ƙasan gado. Ya gwada shi da ƙafar Nuri tana barci: daga gindi zuwa ƙarshen gajeren kunne, gwiwa ke nan daidai. Ya cusa shi a aljihu ya fita a hankali. Doka ɗaya ce: duk inda ruwa ya wuce kunnen Don Tulio, wurin bai yi ba.

Mataki na huɗu: Ka raina kowane bakin teku

Kada ka yarda da na farko, ko ya yi kyau. Na farkon igiyar ruwa ce ta mari Libardo a gwiwa, ya soke shi. Na biyu yana ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Ya tsaya ya lissafa nauyin kwakwa da taushin kan Nuri, ya wuce da sauri yana kare sanƙonsa. A na uku wata kaguwa ta fito daga rami ta ɗaga masa hannu ɗaya. Ya ce mini ba girmanta ne ya dame shi ba, irin kallon ne.

Na huɗu yana bayan coci, ka bi ta gonar ayaba. Yashi shimfiɗe kamar filin ƙwallo, ruwa can nesa, ga ƙananan kududdufai masu ɗumi a tsakiya. Ya zaunar da Don Tulio a ɗaya, ruwan ko cikinsa bai kai ba. Libardo ya duba hagu ya duba dama, ba kowa. Ya yi mamakin sakacin mutanen garin, ga wuri irin wannan sun bar shi ba mai tsaro.

Mataki na biyar: Ka kama wuri

A Pasto idan ka bar layin asibiti za ka sha ruwa, hularka kake ajiyewa ta riƙe maka wuri. Ko'ina haka duniya take. Libardo ba zai iya barin hularsa ba saboda rana, don haka ya kafa wani guntun gora a tsakiyar yashin, ya ɗaure Don Tulio a kai da igiyar takalmi, fuskarsa tana kallon teku. Ya ce zomon ya yi kama da mai gadi.

Da ya koma masauki Nuri tana bin kajin Doña Ninfa, ba ta lura ba. Sai da rana ta take, barci ya fara jan idonta, ta tsaya cak tana neman Don Tulio.

"Tuyo?"

"Yana can yana riƙe mana wuri, uwata."

Yaneth ta ajiye cokali. "Baban Nuri, me ka ce yana yi?"

"Ke dai ki ci abinci. Yau za ki san wa kika aura."

"Shekara shida ke nan nake jiran ranar."

Mataki na shida: Ka kai iyali da gadara

Ka shiga gaba. Kada ka waiwaya. Ƙarfe ɗaya da rabi, bayan shinkafar kwakwa da soyayyen kifi, Libardo ya ja su ta gonar ayaba, laima a kafaɗa, Nuri cikin rigunan hana nutsewa guda biyu tana tafiya kamar tulu. Ya ɗaga ganyen ƙarshe ya ce, "Ga shi!"

Ruwa ne. Tun daga gindin ayaba har inda ido ya tsaya. Ba yashi, ba kududdufi, ba gora.

A nan ƙa'ida ita ce ka fara zargin hanya. Ya koma coci ya sake biyowa, sau biyu. Sannan ka zargi mutane. Wasu mata biyu suna wucewa da kwando, ya tare su.

"Bayin Allah, da safe akwai bakin teku a nan. Ina aka kai shi?"

Ɗayar ta dafa 'yar'uwarta don kada ta faɗi. "Wayyo cikina! Na gidan Ninfa ne, ko? Bawan Allah, ka dawo bakwai da rabi, za a dawo maka da shi. Ba ka karanta allo ba?"

"Na jirgi?"

"Na ruwa! Kibiya sama ya cika, kibiya ƙasa ya janye. Sau biyu kullum, tun kafin a haifi kakanka."

Yaneth ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi muni. Cewa ta yi, "Libardo, ka ɗaure zomon da uwata ta ɗinka a cikin teku."

"Lokacin ba teku ba ne."

Nuri ta kalli ruwan, ta kalli ubanta. "Tuyo?"

Da ruwa ya janye da yamma ya koma. Yashi ya dawo kamar yadda aka ce, har da kududdufan. Gora da mai gadi ba su dawo ba. Daren nan ba zan ba ka labarinsa ba. Ka dai sani da safe Doña Ninfa ta ce zakaranta bai yi cara ba, ya ga an riga an yi masa aikin.

Mataki na bakwai: Ka yi ciniki da wanda ya fi ka hujja

Da hantsi suka fita su uku, idanu jajaye, zuwa inda masunta ke sauke kifi. Nuri ce ta fara ƙwalla ƙara tana nuni. A goshin wani shuɗin kwalekwale, ɗaure da sabuwar igiya, ga Don Tulio a zaune, ciyawar ruwa a wuya, dogon kunne yana kaɗawa.

Mai kwalekwalen wani dattijo ne, Don Baudilio. Libardo ya cire hula, abin da ba ya yi.

"Baba, sannu da aiki. Wancan zomon namu ne."

"Wanne? Wannan ma'aikacina ne."

"Na 'yata ne, Baba."

"Saurara, ɗan kan dutse. Sati uku ina jefa taru ina kwaso ciyawa. Jiya da rana wannan bawan Allah ya shigo taruna. Na ɗaure shi a gaba, jefawa ɗaya na cika kwando huɗu. Yau da safe kwando shida. Tambayi kowa."

Masuntan da ke wurin suka tabbatar. Wani ma ya ce ya nemi aron zomon na yini ɗaya an hana shi.

"Zan saya maka wani a birni," in ji Libardo.

"Na birni ya san kifi?"

Yaneth ta ture mijinta gefe, ta ɗaga Nuri ta ɗora a kwalekwalen. Yarinyar ta rarrafa ta kama dogon kunnen, da gishirinsa da ƙarninsa, ta sa a baki. Kafin Libardo ya gama ihun ƙwayoyin cuta ta yi barci a kan taru.

Don Baudilio ya daɗe yana kallonta. Jikoki tara gare shi. Ya sosa gemu ya ce, "To. Ai ma'aikaci ma yana kwana gidansu. Da dare nata ne, da rana nawa ne. Kai za ka riƙa kawo shi aiki, kuma ba na son latti."

Mataki na takwas: Ka huta

Yanzu kwana huɗu ke nan. Kullum da sassafe Libardo yana zare kunnen daga bakin Nuri, ya duba allo, ya kai Don Tulio bakin aiki, azahar ya je ya ɗauko shi tare da kifi biyu, ladan ma'aikaci. Yara suna gaishe shi da "direban zomo". Duk garin babu wanda ya kai shi haddace allon nan, jiya har gyara ya yi wa mai rubutawa.

Nuri kuwa ta shiga teku. A kududdufin bayan coci, lokacin kibiya ƙasa, ruwa iya idon sawu. Ta zauna daɓas tana dukan ruwan tana nuna kwalekwalen da ke can nesa tana cewa, "Tuyo aiki!" Libardo yana tsaye a kanta da laima, agogo a hannu, yana sanar da saura minti nawa. Ka ga ke nan hanyar tana aiki.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ruwa ya ɗauka, ko ya dawo da shi, ko ya sama wa aiki. Wanda ya bi matakan nan matarsa ta daina yi masa magana, ya nemi Libardo, kada ya neme ni.

Jirginsu na dawowa ranar Lahadi ne. Don Baudilio ya ce ma'aikaci ba ya ajiye aiki ana tsakiyar kamu, kuma masunta bakwai suna bayansa. Yaneth ta ce ba za ta taka jirgi ba sai da zomon uwarta. Libardo ya tambaye ni ko akwai mai neman gyaran firiji a tsibiri, na ce ban sani ba. Har zuwa kiran yau na ƙarfe biyar, babu wanda ya san ko Don Tulio zai dawo Pasto.