Kawu Nomau da Bencin Baya

A Tudun Maɗaci, gidan da ke jingine da namu ta gabas na Kawu Nomau ne, ƙanin Mama. Ɗaki biyu ne da rumbu, da awaki huɗu, da matarsa Inna Tabita, da 'yarsu Rahila. Kawu ba mahaukaci ba ne. Manomi ne na gaske, ba ya zagi, ba ya ƙarya. Matsalarsa ɗaya ce, abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa Inna Tabita take auna magana kafin ta sake ta, kamar mai zuba gishiri a miya.

Ni karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, sai a yi haƙuri da rubutun. Yayana Habila ya rasu wata biyu ke nan, yana cikin horon ikilisiya. Ranar da ya rasu, tambaya ɗaya ce ta hana Mama kuka: za a binne shi cikin masu bi, kusa da Baba, ko can bayan shingen maƙabarta, inda ake sa wanda aka ce cetonsa ya zube? Ba zan iya kai ku wurin amsar ba sai na bi da ku ta kan Kawu.

Wata rana wani mai bishara ya zo daga birni ya yi mana taron kwana uku. Da ya gama wa'azi ya ce duk wanda ya san ya yi zunubi a makon nan ya fito gaba ya karɓi ceto. Kawu ya tuna ya jefi akuyar maƙwabci da hoge, ya fita. Washegari aka sake kira, ya sake fita. A rana ta uku mai bisharar ya ƙura masa ido.

"Baba, ba kai ne na jiya ba?"

"Ni ne. Na shekaranjiya ma ni ne."

Da taron ya koma ƙauyukan gaba, Kawu ya bi shi a ƙafa. Duk ceton da ya karɓa sai ya ƙulla a igiya ya rataye cikin rumbu. Kafin a yanke gero ƙulli ya kai goma sha ɗaya. Habila ya leƙa rumbun ya ce, "Kawu, me za ka yi da wannan duka?"

"Kai damin iri ɗaya kake ajiyewa? In gara ta ci fa?"

Habila ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Wani lokaci ina cikin gona sai in ji dariyar nan ta taso daga bayan dawa, in juya, ba kowa.

Wata rana Pasto Irimiya ya kira Kawu gefe ya ce, "Nomau, ceto sau ɗaya ake karɓa. Na farkon nan yana nan, bai lalace ba. In ka yi laifi ka tuba, ka roƙi gafara, ko a gona kake. Kada ka sake fitowa gaba, ko wa ya kira." Kawu ya ce to. Bayan wata biyu aka zo ɗaurin auren Rahila, coci ya cika har waje. Pasto ya ce uban amarya ya fito gaba ya ba da 'yarsa. Kawu yana zaune can tsakiya cikin sabuwar riga, bai motsa ba. Aka sake kira. Dangin ango suka fara duban juna, uwar ango ta dafe ƙirji, tana zaton an fasa ba su.

"Nomau, ni ne nake kiranka."

"Na ji, Pasto. Ka ce ko wa ya kira."

Rahila ta fara kuka cikin lulluɓi. A ƙarshe Pasto ya sauko da amarya da ango, aka ɗaura auren a tsakiyar coci, mutanen gaba duk sun juyo da wuya. A ranar Pasto ya janye dokarsa, yana share gumi.

Wata rana Kawu ya zauna ya yi tagumi a bakin rumbu. Tunda ɗaya ya isa, yaya zai yi da goman da suka rage? Inna Tabita tana tankaɗe, ta gaji da tambayar, ta ce, "To ka raba wa mabukata mana." Ran Lahadi ya yanka igiyar ƙulli-ƙulli, ya tsaya a bakin ƙofa ana fitowa, yana duban fuskoki. Na farkon da ya tara shi ne Dattijo Filibus, shugaban dattawan ikilisiya, mutumin da ko jariri ya yi kuka a coci sai ya harare shi. Kawu ya sa masa ƙulli a tafin hannu.

"Ungo, Dattijo. Na daɗe ina lura, naka kamar ba ya aiki sosai."

Matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, suka toshe baki da gefen zane. Ba wanda ya yi dariya, tsoro ya hana. Dattijo ya tsaya da ƙullin a hannu kamar an ɗora masa kunama, kuma bai manta da abin ba.

Habila ba ya wurin a ranar. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa, tun daga nan ƙafarsa ta koma gidan burukutu. Da ya zo coci a buge ya ture mai kiɗa, dattawa suka sa shi a horo. Horo a wurinmu shi ne ka koma bencin baya, can bakin ƙofa. Ba ka cin Jibin Ubangiji, ba ka shiga mawaƙa, har ranar da Pasto zai kira sunanka ka taka zuwa gaba a karɓe ka. Akan sa mutum ɗaya ya lura da mai horo, aikin da ba mai so, sai Dattijo Filibus ya ɗora wa Kawu. Ya ce, "Kai ne mai tsaronsa. Wurin zamansa bencin nan ne, ba wani ba. Kuma kada ya fasa Lahadi ko ɗaya."

Wata rana, Litinin da safe, muka buɗe ƙofa muka ga Kawu tsaye da bencin coci a ka. Habila mai haƙar rijiya ne, Kawu ya bi shi bakin rijiya da benci. Ya bi shi kasuwa. Da la'asar ya bi shi gidan burukutu, ya sauke bencin a tsakiyar mashaya. Mai burukutun ta saki ludayi cikin tukunya. Wani ya ɓoye ƙwaryarsa a bayansa, wani tsoho ya cire hula.

"Kawu, don Allah ka koma gida. Kana kunyata ni."

"An ce a nan za ka zauna. Zauna."

Ya zauna. Wata bakwai ana haka, rana da ruwa. Ba zan ce Habila ya daina sha ba, ƙarya ba ta da amfani yanzu. Ya rage dai, don burukutu ba ta wucewa da daɗi a kan bencin coci, kawunka yana kallon maƙogwaronka. Sau da yawa nakan hango su a gindin ɗorawa su biyu, suna ɓare gyaɗa.

Ran wata Asabar da rana tsaka rijiya ta rufta da shi. Kafin a tono shi ya cika. Da yamma dattawa suka zauna, Dattijo Filibus ya yanke magana. Ya ce Habila ya karɓi ceto ya yar. Da ya fito gaba ya sake karɓa, da da abin cewa, amma bai fito ba. A binne shi bayan shinge, ba waƙa, ba addu'ar coci. Pasto baƙo ne, turo shi aka yi, dattawa kuwa 'yan gari. Ya sunkuyar da kai. Mama ta zauna a ƙofar ɗakin da aka kwantar da ɗanta, idonta a bushe kamar faƙo.

Wata rana, in ce washegari, Lahadi da safe, na tafi kiran masu haƙa kabari. Mama ta zagaya bayan gida. Da na dawo na tarar da ɗakin wayam, sai sawun amalanke ya nufi coci. Na ruga, Mama tana bina. Tun daga nesa na ji waƙa ta yanke a tsakiya.

Habila yana kwance a bencin baya cikin farin mayafi. Kawu yana zaune a ƙasa kusa da kansa, yana kore masa ƙuda da hula. Mutane sun miƙe tsaye, wasu mata sun fice ta taga. Dattijo Filibus ya taho wurinsa.

"Nomau, me ka yi haka?"

"Ka ce kada ya fasa Lahadi ko ɗaya. Yau Lahadi."

"Fitar da shi. Wannan ba namu ba ne, cetonsa ya tafi."

Kawu ya ɗaga kai, a ruɗe yake da gaske. "Ya tafi ina? Pasto ya ce sau ɗaya ake karɓa. Habila ya karɓa, aka yi masa baftisma a rafi, ni na riƙe masa riga. Wata bakwai ina tsaronsa, ko gona ban je ba. Ban ga wanda ya zo ya karɓe ba. Da an zo da na gani." Sai ya ƙara, "Kuma in ba namu ba ne, don me muke ta horonsa? Dattijo, kai kana horon ɗan wani gida?"

Cocin ya yi tsit, har ana jin kukan kurciya a kan rufi. Pasto Irimiya ya daɗe tsaye a gaba, sannan ya gyara murya ya faɗi abin da ake faɗa ranar cire horo.

"Habila, ɗan'uwanmu, taso ka dawo wurinka."

Na kama ƙafar benci ɗaya, Kawu ya kama ɗaya, mijin Rahila ya kama ta uku. Ta huɗu ba wanda ya taɓa. Sai Mama ta matso ta sunkuya, alhali mace ba ta ɗaukar gawa a garinmu. Dattijo Filibus ya tare ta.

"Saki, Hannatu. Ba aikinki ba ne."

Na zaci hana mu zai yi. Sai ya naɗe hannun rigarsa ya kama. Muka taka da Habila har gaba, a hankali, kamar masu tsallake rafi. A nan Mama ta fashe da kuka, kukan da ta riƙe tun jiya, matan zumunta suka ɗauki waƙa a kansa.

Yana nan kwance kusa da Baba, cikin shinge. Masu ilimi har yanzu suna gardama a gindin maɗaci kan ko ana karɓar ceto sau biyu, ni ban isa in sa baki ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, Kawu ya tambayi Pasto ko aikinsa ya ƙare. Pasto ya ce ya ƙare, ya mayar da benci wurinsa. Kawu ya ɗora shi a ka, ya yi taku uku, ya tsaya.

"Wata bakwai ina ɗaukarsa," ya ce, "bai taɓa yi mini nauyi ba sai yau."

Na sauke masa, muka kama gefe-gefe.