Layi Ɗaya da Na Goge, da Babbar Rigar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar Alhamis ɗin da na yi wa surukina wanka a gaban jama'ar Fakku, da babbar rigarsa da hularsa da komai, alhali a lokacin ko magabatana ban samu izinin turawa gidansa ba. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Bari in faro daga tushe. Na karanta kwamfuta a jami'a, na dawo Tambuwal da takarda mai kyau da girman kai mai yawa, aiki kuwa shiru. Sai na buɗe ɗan shagon gyaran waya kusa da tasha. Abin da na fi ƙwarewa a kai a makaranta shi ne kanel, wato ɓangaren nan na can cikin tsarin kwamfuta da ke magana kai tsaye da ƙarfe, shi ke cewa wannan ya tashi, wancan ya jira. Ina son fannin nan kamar raina. Amma a Tambuwal babu wanda ya taɓa shigowa shagona ya tambaye ni kanel. Gilashi ya fashe, caji ba ya shiga, waya ta faɗa cikin miya (wannan ya faru sau biyu, kuma mutum ɗaya ne).

Ana cikin haka na haɗu da Asma'u, malamar firamare ce a garin, tana zaune wurin gwaggonta. Mahaifinta Alhaji Mande yana Fakku, can ƙasar Kebbe, shi ne shugaban ƙungiyar manoman garin. Da magana ta kai kunnensa sai ya tambayi gwaggon, "Mi as sana'atai?" Ta ce injiniyan kwamfuta ne. Ya ce, "Wanga da ka liƙa gilashin waya bakin tasha?" Ya ƙara da cewa ba zai karɓi manyana ba sai ya ga abin da karatun nan yake iya yi da idonsa. Asma'u ce ta kawo mini maganar tana dariya. Ni ban yi dariya ba, don maganar ta soke ni sosai.

To, ƙungiyar tasu tana da rijiyar burtsatse mai injin sola, wadda ke tura ruwa zuwa babban tanki, daga nan gari ya sha, lambuna su samu. Wani dattijo, Baba Dikko, shi ke kula da ita shekara da shekaru. Sai na aika wa Alhaji cewa zan haɗa wata 'yar na'ura, ba ta fi tafin hannu ba, wadda in an danna waya za ta buɗe bawul (wato ƙofar da ke ba ruwa hanya a bututu) da kanta, ta tada inji da kanta, ba sai wani ya taka ya je ba. Amsarsa kalma biyu ce: "A gwada."

Ranar farko da na je, na tsaya ina kallon yadda Baba Dikko ke aikinsa. Sai ya murɗa bawul a hankali har ƙarshe, ya ɗora tafinsa a kan bututu, ya sunkuyar da kai kamar mai sauraron gulma, ya jira, ya yi bisimilla, sannan ya kunna inji. Na ce, "Baba, me kake saurare, labaran duniya?" Ya ce, "Ɗana, ruwa ba ya son a kirai ba a buɗe mai ƙofa ba." Na yi murmushi irin na mai digiri. A zuciyata na ce, tsoho kwanan aikinka ya kusa ƙarewa.

Gaskiya ba ni na rubuta umarnin na'urar daga farko ba. Wani bawan Allah ne ya rubuta ya saka a intanet kyauta, ni na ɗauko na gyara ya dace da injinmu. A cikinsa akwai layin da ke cewa a buɗe bawul, akwai na tada inji, a tsakaninsu kuma akwai wani layi guda da muke kira shinge. Aikinsa kawai ya tsayar da komai har sai bawul ya amsa cewa ya buɗe. A samansa mai rubutun ya bar gargaɗi da manyan baƙaƙe: KADA A CIRE.

Kuma na san dalili, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na amsa tambaya a kansa a jarrabawa, na ci. Kwamfuta ba ta yi maka alkawarin cewa abin da ka fara aikawa shi zai fara isa ba, sai in ka tilasta mata. Kamar ka tura 'yan acaɓa biyu ne daga Tambuwal zuwa Kebbe, na farko da saƙon a share ɗaki, na biyu ɗauke da baƙon. In na farkon ya tsaya shan mai a hanya, baƙo zai isa ya tarar da ɗaki a kulle. Na sha yi wa abokaina wannan misalin ina kaɗa ƙafa.

Sai dai shingen nan yana jawo jinkiri. Ka danna waya, sai an ɗan yi shiru kafin inji ya tashi. Ni kuwa so nake Alhaji yana taɓa waya inji ya amsa nan take, jama'a su yi kabbara. Na zauna a shago ina kallon layin, na ce ai bawul na rubuta a sama, inji a ƙasa, daga sama kuma ake karatu. Na goge shi tare da gargaɗinsa (don kada ya riƙa kallona).

Kwana biyar a jere ina hawa babur da safe zuwa Fakku ina gwadawa. Kullum in na danna, inji ya tashi, ruwa ya hau tanki lafiya lau. Sau biyar, babu tangarɗa ko ɗaya. Kaina ya kumbura har hular kwano ta fara matse ni. Na kira Asma'u na ce ta gaya wa gwaggo ta fara neman anko.

Ranar Alhamis da hantsi Alhaji ya tara mutane. Ga maigari, ga liman, ga 'yan ƙungiya a kan tabarmi, mata can baya da bokitai da jarkoki suna jiran ruwa. Asma'u ma ta zo tare da gwaggo. Ni kuwa ranar na yi sammako fiye da kullum, ina isowa na hangi Baba Dikko ya nufi ɗakin inji kamar kullum, sai na sha gabansa.

"Baba, yau hutu gare ka," na ce, na jawo masa kujera ƙarƙashin darbejiya.

"To bari dai in..."

"Kada ka taɓa komai, Baba. Yau ranar kimiyya ce."

Ya dube ni, ya dubi ɗakin inji, ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Ya zauna ya harɗe ƙafa.

Na yi jawabi. Allah ya yafe mini, sau uku na ambaci kalmar garanti. Sannan na miƙa wa Alhaji wayar da hannu biyu, na ce shi zai danna da kansa. Har na roƙe shi ya matso daidai mahaɗar bututu, wai don hoto ya fi kyau a wurin. Ya matso cikin farar shaddarsa da ta sha bugu, ya yi bisimilla, ya danna.

Inji ya tashi nan take, yadda na so. Na waiga ina neman idon Asma'u don ta ga mijin da Allah ya ba ta. Sai na ji ƙarar injin ta canza, ta koma wani irin nishi. Bututu ya fara rawa. Na kalli bawul, sai na ga ɗan ƙaramin injin da ke juya shi yanzu ma ya fara motsi, a hankali, abinsa. Inji yana turo ruwa da iyakar ƙarfinsa, ƙofa kuwa a rufe. A daidai wannan lokacin na tuna da layin nan baƙi bayan baƙi, har da gargaɗin.

Mahaɗar ta fashe. Ruwa ya fito ja wur da tsatsa da laka, ya daki Alhaji a ƙirji, hularsa ta yi sama ta sauka kusa da liman. Maigari ya miƙe da gudun da ban zaci yana da shi ba. Liman yana salati, mata suna ihu, wata kuma (Allah ya yi mata albarka, ba ta da asara) ta tara bokitinta. Na ruga in kashe inji ta waya, ashe wayar ta suɓuce daga hannun Alhaji tana kwance cikin laka. Na tsuguna ina lalube ruwa yana dukan ƙeyata.

Baba Dikko ne ya tashi daga kujerarsa, ba gaggawa, ya shiga ɗaki ya kashe inji da hannu. Wuri ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga hannun rigar Alhaji. Tsohon ya fito yana goge hannu, ya ce da muryar da kowa ya ji, kuma wallahi ba da mugunta ba:

"Ɗana, ai kwana biyar ɗin ga da kaka gwaji, ni ka buɗe bawul tun da sassafe kafin ka iso. Hakanan nika yi kullum. Na aza da ni anka tsara abin. Yau ko kac ce kada in taɓa."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Wato duk nasarar da nake taƙama da ita, shingen da na goge a kwamfuta yana nan da ransa, sanye da silifa, yana zuwa aiki kafin ni. Ranar da ta fi kowace muhimmanci kuma na ba shi kujera.

Na je na durƙusa gaban Alhaji. Na riga na sallama, na ce Asma'u ta tafi ke nan. Yana matse gefen rigarsa, ya ce, "Asma'u tac ce mani kai karatun yadda abubuwa ka bin juna cikin na'ura."

"Haka ne, Baba."

"To ga nawa tsari. Ka gyara bututun ga, don garin ga ba ya kwana biyu babu ruwa saboda kai. In ka gama, ka ba Dikko haƙuri gaban mutanen da kaz zaunar da shi kan idonsu. In ka gama, na'urar taka ta yi wata guda ba ta wanke kowa ba. Sannan ka turo manyanka. Kada wani shi riga wani."

Haka aka yi, ɗaya bayan ɗaya. Ni da mai gyaran famfo muka wuni cikin laka, mata suna wucewa zuwa tsohuwar rijiya suna yi mini sannu da wata irin murya. Na ba Baba Dikko haƙuri, ya ce ba komai, yaro bai san wuta ba sai ya taka. Na maido da layin inda yake, na rubuta sabon gargaɗi a samansa da Hausa: WANNAN BABA DIKKO NE, KADA A CIRE. Shi ma na ainihin ba a cire shi ba, har yau yana zuwa ya ɗora tafinsa a kan bututu kafin a danna waya, ni kuma ban ƙara tambayarsa abin da yake saurare ba.

An ɗaura aure bayan damina. A Fakku har gobe sunana Injiniya Garanti, Asma'u kuma in ta ga na fara cika baki a gida sai ta ce, "An dai buɗe bawul?" Abin da na koya shi ne, in ka ga wani abu ko wani mutum kamar ba ya aikin komai sai jira, ka tambayi me yake jira kafin ka kawar da shi. Surukina ma ya koyi nasa darasin. Duk ranar da na je gaishe shi na ciro waya daga aljihu, sai ya ɗan ja kujerarsa baya.