Mutumin da ya cire sunansa daga ƙofa

Ranar Talata, huɗu ga Maris, aka fara wannan wulaƙanci, kuma har yau ba wanda ya ba da haƙuri.

Wani ne a birnin Bremen, tsohon malamin makaranta, ɗan haya a hawa na uku. Da ma yana jin haushin mai gidan, don lokacin da zai kama hayar sai da aka tambaye shi albashinsa, da ciwon da ke damunsa, har da wanda ke kwana wurinsa. Sai ya ji a rediyo wai doka ta hana masu gida tonawa da yaɗa sirrin 'yan haya. Ko kofinsa bai shanye ba ya sauko wurin Herr Oltmann, mai kula da ginin.

"Herr Oltmann, ka ji doka?"

"Ina kwana dai tukuna."

"Ina kwana ba ta cikin doka. Cire sunana daga jikin ƙararrawar ƙofa. Da akwatin wasiƙa. Da ɗakin ajiya."

"To baƙinka fa? Da suna ake gane ƙofa."

"Duk wanda ya tambaye ni, ba ka san ni ba. Maimaita."

"Ban san ka ba."

"Da kyau. Zauna."

Ya bi maƙwabta ƙofa-ƙofa yana ba da darasi. Frau Tietjen, tsohuwar da ƙofarta ke kallon tasa, ta ce, "Shekara ashirin ina karɓar maka saƙo, yau kuma ban san ka ba?"

"Kotu ba ruwanta da shekara ashirin, Frau Tietjen."

Ranar Lahadi ƙanwarsa ta taso daga Hannover da kek ɗin tuffa. Ta duba ƙararrawa, ba suna. Ta kira wayarsa, a kashe, don wai ita ma wayar 'yar tsegumi ce. Ta danna ta Frau Tietjen, aka ce mata, "Ba mu san shi ba." Ta juya, ta cinye kek a jirgin ƙasa tana kuka. Shi kuwa yana sama yana murna doka ta kama aiki.

Washegari ya ɗora kabeji da dankali a wuta, ya fito zubar da shara sanye da silifas da rigar wanka. Iska ta bugo ƙofa, garam! Makulli na ciki. Ya ruga ƙasa.

"Herr Oltmann, ɗauko makullin da ke ajiye wurinka, tukunya na kan wuta!"

"Makullin gidan wa?"

"Nawa mana!"

"Kai wa?"

"Ni ne na hawa na uku!"

"Doka ta hana in faɗi ko akwai mutum a hawa na uku."

Da kyar ya tare wani mai wucewa ya ari wayarsa, aka kira mai gyaran makulli. Da mai gyaran ya iso ya ce, "Ina katin shaida?"

"Yana ciki."

"Duk ɓarawo haka yake cewa. Akwai mai shaidarka?"

Malamin ya ƙwanƙwasa ƙofar Frau Tietjen. Ta leƙo, ta gyara tabarau, ta dube shi daga silifas har sanƙo.

"Ban taɓa ganin wannan bawan Allah ba. Amma kabejin wani na ƙonewa."

Hayaƙi ya cika bene. 'Yan kwana-kwana suka iso da jiniya, suka sare ƙofar da gatari, suka yi wa tukunya wanka, da littattafansa, da shi kansa. Shugabansu ya ce, "Gidan wa ne?" Maƙwabta duk suka ɗaga kai suna kallon silin.

Malamin ya tsaya ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya ɗaga yatsa kamar yana gaban aji.

"Wallahi sai kun ba ni haƙuri a bainar jama'a! A jarida! Shafin farko, manyan haruffa, kuma kada in ga kuskure ko ɗaya!"

Herr Oltmann ya zaro biro daga aljihu.

"An gama, yallaɓai. Sunan wa za a sa?"