Ranar da Surukina Ya Roƙa Mini Afuwa a Ofis

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a shekarata ta uku da kama aiki a wani ofishin harkar noma a nan cikin garin Bauchi. Ni dai Allah ya jarrabce ni da barcin rana. Da na idar da sallar Azahar na ɗora da wainar masa guda biyar da miyar taushe (to, bakwai, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce), sai idona ya fara rufe kansa. Sau biyu Darakta yana kama ni na kifa kai a kan fayil. A na biyun ya ce, "In aka yi na uku, a ofishinmu na ƙauye za ka ƙarasa barcin." Ga shi ko wata biyu ban cika da aure ba. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Madam Rifkatu, wadda teburinta ke kallon nawa, ita ta ji tausayina. Ta ce, "Malam, ba asiri aka yi maka ba, zama ne ya yi maka yawa. Da ka ji barcin ya taso, tashi ka motsa jiki minti biyar, za ka ji ka garau."

Na yi godiya, amma girman kai ya hana ni tambayar wane irin motsi. Ni kuwa motsa jiki ɗaya na sani a duniya, wanda ake sa mu a firamare in mun makara: ka kama kunnuwanka, ka durƙusa, ka miƙe. Ranar Litinin na lallaɓa ɗakin taro, da yake ba kowa, na yi guda ashirin. Wallahi barci ya gudu! Ranar na gama aikin da ya kwana uku yana jirana, har ina 'yar waƙa. Talata ma haka.

Ranar Laraba sai na ga ai na zama gwani. Na tuɓe riga, na ajiye hulata a kan kujerar Darakta, daga ni sai singileti da wando. Hannun dama a kunnen hagu, na hagu a na dama, kamar yadda aka koya mana, ina ƙirgawa da ƙarfi. Ina durƙushe a na talatin da bakwai ƙofa ta buɗe.

Darakta ne, da dattawan manoma biyar daga Miri da suka zo maganar taki. Na ukunsu kuwa Baba Alhaji ne, mahaifin matata, mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba saboda kunya. Na daskare a durƙushe, zufa na zuba, kuma don tsabar ruɗewa na manta ban saki kunnuwan ba.

Baba ya dube ni, ya dubi Darakta, sai ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, yaron nan surukina ne. Ko me ya yi, ni na ari bakinsa na ba da haƙuri. A yi masa afuwa, yana da iyali."

Sauran dattawan suka kama, "A yi haƙuri, Yallaɓai, ɗan yau ne."

Darakta ya ɗaga hannu. "Alhaji, wallahi ba ni na sa shi ba!"

"Ai ba mu ce an zalunce shi ba," in ji Baba. "Horo gyara ne."

Darakta ya juyo kaina. "Kai, me kake yi haka?"

Na ce, "Yallaɓai, barci nake kora."

Dariya ta kama shi har ya zube a kujera, a kan hulata. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ba a kai ni ƙauye ba, alhamdu lillahi. Daga ranar ma Darakta ya ce kullum ƙarfe biyu kowa ya fito mu zaga harabar ofis sau uku, ni a gaba. Madam Rifkatu tana tafe tana share hawayen dariya: "Malam, ni tafiya nake nufi, ban ce ka koma aji uku ba."

Baba dai har yau bai yarda da bayanina ba. Duk ranar da na je gaishe shi Miri, sai ya ja ni gefe ya rage murya: "Ana dai kiyayewa a wurin aiki ko?" Ni kuma in sunkuyar da kai in ce ana kiyayewa, Baba.

Abin da na koya shi ne, in an ba ka shawara ka tambayi yadda ake yinta. In kuma za ka kori barci, ka fara sa wa ƙofa sakata, sannan ka ƙyale kunnuwanka, ba su yi maka laifin komai ba.