Rasuwar Sakatariya da Tsohon Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ta gaji da sa rai, gidan Mushe Yunusu, malamin lakwal, wato makarantar boko, a garin Tawa inda ake kiran malamin boko da Mushe, yana sanar da 'yan'uwa, abokan aiki da maƙwabta rasuwar odinatarsa, injin nan mai ƙwaƙwalwa da unguwa ta sani da suna Sakatariya. Ta cika ranar Laraba da hantsi a kan teburinta, bayan jinyar wata bakwai. Ta rasu da tsohon ciki.

Waɗanda suka zo gaisuwa har sau biyu a baya suka tarar da ita a farke tana aiki, ana ba su haƙuri. Wannan karon Rissa mai gyaran rediyo ya kara kunnensa a jikinta, ya daɗe yana saurare, sannan ya gyara rawaninsa ya yi wa iyali ta'aziyya ya fita.

An haifi marigayiya a Turai, ba a san shekarar ba. Ta zo Adar tare da wani Bature mai aikin rijiyoyi, ta zauna hannunsa har shekarar da hanyar arewa ta ɓaci, mota ba ta wucewa sai da rakiyar soja. Bature ya haɗa kayansa, ya ga ta yi masa nauyi, ya bar wa Mushe Yunusu ita ladan tafintar da ya yi masa a ƙauyuka. A amalanken jaki aka kawo ta gida, lulluɓe da bargo, mata na leƙe ta kan katanga.

Wanda ya zauna da ita zai shaide ta. A shekarun da kowa ke yajin aiki, ita ba ta taɓa yi ba. A lokacin da kowane zaure ya zama na wata jam'iyya, ba a taɓa jin ra'ayinta ba. Abin da aka ba ta ajiya ba ta kai shi maƙwabta. Aibinta ɗaya, har ta koma ba ta iya rubuta harafi mai lanƙwasa ba, shi ya sa sunan dattijo irin Baba Ciɗo na Afala ya zama Tchido a bakinta. Da safe in an danna ta, takan ja numfashi, huuu, sannan ta ce tit, sau ɗaya tak. Wannan tit ɗin Mushe Yunusu ya fi son jin sa da labaran rediyo.

Batun cikin da ta rasu da shi, ga yadda yake. Mushe Yunusu mutumin Damagaram ne. An turo shi Tawa aka ce masa shekara biyu, yau shekararsa goma sha ɗaya. Ya rubuta takardar neman canjin wuri har ya haddace ta, ba a taɓa amsa masa ko da a'a ba. Can gida kuwa tsohuwarsa idonta ya fara rufewa, duk mai zuwa sai ta aiko shi da tambayar yaushe. Ƙofa ɗaya ta rage masa: ya rubuta littafin bincike ya aika Yamai, in ya karɓu a ɗaga shi zuwa sufeton makarantu, wanda aka ɗaga kuwa ana jin maganarsa kan inda zai zauna. Hutu uku ya kwashe tsakanin Barmu da Afala da Bambai, yana tambayar makiyaya abin da ke sa 'ya'yansu barin aji in rani ya yi. Shafi ɗari da arba'in ya zuba a cikin Sakatariya. Da gara ta cinye takardun hannunsa dariya ya yi, don a ganinsa abin da ke cikin ƙarfe ya fi ƙarfin gara.

Ciwon ajali ya fara kamar wasa. Wata safiya aka danna ta, ta ja numfashi, ba ta ce tit ba. Washegari ta tashi garau. Daga nan sai ta ɗauki hali: yau ta tashi, gobe ta ƙi, jibi ta fara ta fasa. Ba irin jinyar da Mushe bai yi ba. Ya goge ta da tsumma, ya yi mata fifita, ya zare wayoyinta ya mayar ɗaya bayan ɗaya, ya danna da bisimilla, ya danna da fushi, ya ɗan mare ta a gefe sannan ya ji kunya. Har ya buɗe littafi yana rubuta ranakun tashinta, ko Allah zai sa ya gane wace rana take so. Abin da ya fi ci masa rai, duk ran da ya ɗauko Rissa, kafin mai gyara ya gama zama ta ce tit. Sau uku tana kunyata shi haka, har aka fara cewa a majalisa ba injin ne ke da ciwo ba.

A zuwa na huɗu Rissa ya kama kansa da kansa. Ashe duk zuwansa, don ya sami inda zai jona ƙarfensa na like waya, sai ya zare wayar firigon ƙanƙarar Kadidiya, matar gidan. Ya tsaya da wayar a hannu yana kallonta.

Ya ce, “Mushe, injinka lahiyatta lau, yunwa taka ji. Wutar kuran ta gidan ga ba ta isar baki biyu. In firigo ya ja, wagga ba ta samu.”

Nan aka san ciwo, nan kuma aka rasa yadda za a yi. Don firigon nan, a shekarun da albashi ya zama baƙo, shi ke riƙe da tukunyar gidan. Ƙanƙarar da Kadidiya ke ƙullawa ita ce gero, ita ce miya.

Kadidiya ta ce, “Malam, in ya yi awa biyu kashe, ƙanƙara ta koma ruwa, ruwa kau kowa na da shi gidanai. Awa guda nika ba ka.”

Ya karɓi awa guda da godiya. Abin da ya rage shi ne disket, ɗan faifan da ake kwashe rubutu a ciki a kai inda ake bugawa, kuma duk Tawa ba mai sayar da shi. Ya ba direba sautu daga Yamai, sautu ya yi mako biyar a hanya, ya iso ranar Talata. Ranar Juma'a ake rufe karɓar littattafai.

Laraba da ƙarfe tara Kadidiya ta zare waya. Mushe ya danna. Huuu, tit. Shafuka suka bayyana, ba wanda ya ɓace. Ya ɗauki disket, aikin da bai fi minti biyu ba, sai ya ji sallama a ƙofa. Muryar Baba Ciɗo ce, dattijon da ya sauke shi a gidansa hutu uku, ya ba shi shimfiɗa da nono, ya tara masa makiyaya a gindin rijiya. Mushe ya dubi disket, ya dubi ƙofa. Ba a barin irin wannan mutum a tsaye a ce masa ƙarfe na jira. Ya ajiye ya fita.

Wanda ya san gaisuwar mutanen arewacin Adar ya san ba a yanke ta. Aka gaida hanya, aka gaida gajiya, aka tambayi iyali ɗaki ɗaki, aka gangara kan garke da rijiya da abin da damana ta bari. Sannan aka shiga waɗanda suka rasu tun bara, kowanne da fatiharsa, kuma bara an yi rashi a Afala. Zuciyar Mushe tana ɗaki, bakinsa yana cewa madalla.

Can Baba Ciɗo ya ce, “To ɗana, littahinmu hwa? Ya hito?”

“Yau zai fito, Baba, in Allah ya so.”

Bai rufe baki ba ya ji gurnanin firigo. Awa ta cika har ta gota, Kadidiya ta ji ana hira a zaure ta ɗauka an gama. Ga ta nan ma ta aiko wa baƙo ruwan sanyi. Daga cikin ɗaki aka ji maganar ƙarshe ta marigayiya: ƙas, ƙas, ƙas. Mushe Yunusu ya ji, ya kuma san abin da ya ji. Ya karɓi kwanon da hannu biyu ya miƙa wa dattijo, ya zauna har ya sha ya ƙoshi, ya raka shi bakin hanya. Sai da ya dawo ya rufe ƙofa ya yi kuka.

Ta rasu ta bar gilashin fuskarta yana kallon bango, da allon rubutu wanda harafin a ya goge don aiki, da disket goma da ba su taɓa ɗaukar komai ba. Ta bar firigo cikin ƙoshin lafiya, kuma iyali ba su riƙe shi a zuci ba. Ta bar Mushe Yunusu a Tawa, shekara ta goma sha biyu. Ta bar wata tsohuwa a Damagaram da aka ce wa ɗanta zai dawo bayan damana.

Game da jana'iza, liman ya ce ƙarfe ba a yi masa salla. Rissa ya ce akwai wani a Yamai da aka ce yana iya fiɗe irin wannan ciki, amma girgizar hanya za ta ƙarasa abin da ya rage. Saboda haka ba za a kai ta ba, ba kuma za a binne ta ba. Za ta ci gaba da kwanciya a teburinta cikin bargon da ta zo da shi. Ana karɓar gaisuwa kullum bayan la'asar, akwai ruwan sanyi. Kowace safiya za a kashe firigo awa guda, Mushe ya danna ya saurara. Roƙo ɗaya iyali ke yi: tsakanin ƙarfe tara da goma, don Allah kada kowa ya yi sallama a ƙofar gidan. Mushe Yunusu ya san halinsa. In an yi, zai fito.